Kwarin da Kaka ta aike mu mu ɗauko

Saƙon da Kaka ta ba mu gajere ne. Ranar da likita ya shaida wa Baba cewa hawan jinin ido ne ke damunta, kuma abin da ya tafi na ganinta ba zai dawo ba, sai dai a yi ta ɗiga magani don a riƙe ɗan abin da ya rage, ba ta ce komai ba har aka yi sallar isha'i. Sai ta sa aka kira mu ɗakinta, mu jikokinta huɗu: Yaya, da mu biyun da ke jami'a, da Auta.

"Tun da kullum wayoyin nan na hannunku, kuna ɗaukar bakunanku a ture," in ji ta, "ku je ku ɗauko mini kwarina in gani, kafin fitilar ta ƙarasa mutuwa."

Muka yi dariya, domin mun saba da tsokanarta. Yaya ne maigidanta, mu mata kuwa kishiyoyi ne da muka zo cinye mata miji. Amma da muka dubi Baba, muka ga shi ba dariya yake ba.

Kwarin da take nufi yana kan tsaunin Mambila, a Ƙaramar Hukumar Sardauna ta Jihar Taraba. Can aka kai ta aure tana yarinya, lokacin da marigayi kakanmu ke fataucin fata da gishiri a tsakanin rugage. Can ta haifi Baba, can kuma ta binne 'ya'ya biyu tun suna goye. Sun sauko Jalingo Baba yana ɗan shekara 10, kuma daga ranar ba ta sake komawa ba. Mu kuwa a Jalingo aka haife mu, Mambila a bakin mutane kawai muke jin ta, sai kuma a jikin kwalin ganyen shayi. Abin kunya ne, amma gaskiya ce: ɗalibai 'yan Taraba, mun san hotunan duwatsun Suwizalan a intanet fiye da na jiharmu.

Aka tsayar da ƙarshen mako na biyu a watan Nuwamba. Baba ya ce a lokacin ruwan sama ya ja baya, ciyawa ba ta bushe ba, ba a fara ƙona daji ba, ƙurar hunturu kuma ba ta rufe sararin sama ba tukuna. Mama ta ce ƙafarta ƙafarmu.

Hanyar da ta fi ƙarfin kunne

Mun bar Jalingo ranar Juma'a bayan sallar asuba. Muka bi ta Garba Chede, muka wuce Bali, muka isa Serti daidai lokacin da ake shirin tafiya masallaci. A Serti ne hedikwatar Gandun Dajin Gashaka-Gumti take, wanda shi ne mafi girma a duk gandayen dajin ƙasa da ke Najeriya, an kuma kafa shi a 1991, shekarar da aka ƙirƙiro Jihar Taraba kanta. A cikinsa ne dutsen Chappal Waddi yake, a bakin iyakar Kamaru, mai tsayin mita 2,419, wanda babu wani wuri a ƙasar nan da ya kai shi bisa. Ba can muka nufa ba, wannan tafiyar kwanaki ce ta masu ƙwarin gwiwa. Amma Auta ta rubuta lambar a littafinta, ta ce za ta ƙure malamin labarin ƙasa da ita.

Daga Mayo Selbe hawan yake farawa. Duk wanda bai taɓa bin hanyar nan ba, bayani ba zai ishe shi ba. Titi ne da ya nannaɗe jikin dutse kamar rawani, kwana bayan kwana, hannun dama bango, hannun hagu rami mai zurfin da ba a son leƙawa. Mama ta kama salati ba ta saki ba. Kunnuwanmu suka toshe, Baba ya ce mu riƙa haɗiyar yawu. A wata kwana ya nuna mana wurin da ake kira Hawan Biyu da Sisi, ya ce tun yana yaro ake faɗa cewa sunan ya samo asali daga ladan 'yan dakon da ke hawa da kaya a ka: sule biyu da sisi. Da ƙafa Kaka ta hau wurin nan tana amarya, akwatinta a kan ɗan dako. Mu da ke zaune a kan kujera mai laushi muna ƙorafin ciwon baya sai muka yi tsit.

Muna cikin hawa zafin Serti ya fara sakinmu. A aji an koya mana cewa duk mita 1,000 da mutum ya hau, zafi kan ragu da kimanin digiri shida da rabi. Mun rubuta shi a jarrabawa, mun ci maki, amma ranar ce muka ji shi a fatarmu. Kafin mu isa Maisamari kowa ya laluɓo rigar sanyi.

Sai ga Mambila ta buɗe. Mun zaci za mu ga duwatsu masu tsini, sai muka tarar da tuddai masu santsi, kore shar, ɗaya na bin ɗaya har iyakar gani, kamar an shimfiɗa bargo a kan mutanen da ke barci. Yawancin filin ya haura mita 1,500 daga doron teku. Shanu ko'ina, jajaye da farare, masu ƙiba, domin ƙudan tsando ba ya son wannan sanyi, shi ya sa makiyaya suka daɗe da son wurin. Tsofaffin motocin Land Rover, waɗanda a birni sai a fim ake ganinsu, suna ta wuce mu da buhunan masara da mutane a sama. Baba ya tuna mana cewa yankin nan ya taɓa zama a hannun Jamus, daga baya Ingila ta riƙe shi, kuma sai bayan ƙuri'ar raba gardama ta 1961 ya zama cikin Najeriya, aka raɗa wa lardin suna Sardauna don girmama Sa Ahmadu Bello.

Mun sauka a Nguroje da magariba, a gidan wani abokin Baba na ƙuruciya. Ruwan alwala sai da aka ɗumama mana. Aka kawo shayi mai kauri, na gonar Kakara da ke nan kusa, da tuwon masara. Muka kwana da bargo biyu-biyu.

Asabar: mun koyi ɗaukar hoto, mun manta saƙo

Da sassafe motar mai masaukinmu ta kai mu inda hanya ta ƙare, daga nan sai ƙafa. Baba a gaba da sanda, Mama da fulas ɗin shayi da dambun nama, mu kuma kowa da wayarsa. Raɓa ta jiƙa mana ƙafar wando har gwiwa. Numfashi ya yi ta yi mana gardama, domin iskar sama ba ta kai ta ƙasa kauri ba, tudun da ka raina da ido sai ka huta sau uku kafin ka kai kansa. Mun yi sama da sa'a biyu muna tafiya a kan burtali, muna tsallake wayoyin shinge da masu shanu suka kewaye makiyayarsu da su, kafin Baba ya tsaya a kan wani dogon tudu, ya miƙa sanda ya ce, "Ga shi can."

Kwari ne mai faɗi, rafi na ratsa tsakiyarsa, ga 'yan gidaje masu rufin kwano, ga gonakin masara da ayaba a gefen ruwa. Muka ɗaga wayoyi gaba ɗaya kamar an ba mu umarni. Muka ɗauka, muka duba, gwiwarmu ta yi sanyi. Abin da ido ke gani mai girma da zurfi, a cikin waya ya koma ɗan koren zane a shafe, sama kuma fara fat kamar takarda. Auta ta ce wayar ce ba ta da kyau. Yaya, wanda tasa ta fi ta kowa tsada, ya duba tasa ya ga duk kanwar ja ce.

A nan muka zauna muka fara karatun da ba a yi mana a makaranta ba, kuma ga abin da muka gano, ko zai amfani wani ɗalibi.

Na farko, idon kyamarar waya mai faɗi ne. Yana kwaso wuri da yawa, amma yana ƙanƙantar da duk abin da ke nesa. Shi ya sa dutse ke komawa kamar tsibin ƙasa. Maganinsa shi ne a sa wani abu a kusa wanda mai kallo ya san girmansa: saniya, ko mutum, ko itace. Da muka sa Auta ta tsaya a bakin tudun da jan mayafinta, nan take kwarin ya yi zurfi, domin ido ya sami ma'auni.

Na biyu, jawo hoto da yatsu biyu yaudara ce a yawancin wayoyi. Ba ya matso da komai, yanka hoton kawai yake yi ya buɗa shi, sai ya fito dishi-dishi. In kana son abu ya matso, ƙafarka ce za ta kai ka.

Na uku, sama ta fi ƙasa haske nesa ba kusa ba, waya kuma ba ta iya gamsar da su biyun a lokaci guda kamar yadda ido ke yi. In ka taɓa ƙasa a fuskar wayar, sama ta ƙone. In ka taɓa sama, gajimare ya fito da siffarsa, ƙasa ta ɗan yi duhu, kuma wannan duhun ya fi sauƙin gyarawa daga baya. Muka kuma daina raba hoto biyu daidai. In ƙasa ce abin kallo, a ba ta kashi biyu cikin uku, a bar wa sama ɗaya.

Na huɗu, kuma shi ne babba, haske. Mun iso wajen ƙarfe goma sha ɗaya, rana ta kusa tsakiya, tana dukan komai daga sama, babu inuwa. Tudu kuwa inuwarsa ce ke nuna siffarsa. Ba dabara ce za ta gyara wannan ba, sai haƙuri. Muka shimfiɗa darduma, muka ci dambu, muka yi azahar da la'asar a nan, wani yaro makiyayi ya kawo mana kindirmo a ƙwarya. Yaya ya ɗaga waya zai ɗauke shi, Mama ta riƙe hannunsa ta ce, "Ka tambaye shi tukuna. Kai za ka so baƙo ya zo ƙofar gidanku ya ɗauke ka ba sallama?" Aka tambaye shi, ya ce a bari ya gyara hularsa.

Wajen ƙarfe biyar rana ta karkata, sai wurin ya sauya kamar ba shi ba. Kowane tudu ya sami gefe mai haske da gefe mai inuwa. Hanyoyin da kofaton shanu ya sassaƙa a jikin gangare suka fito layi-layi kamar matakala. Tuddan nesa suka jeru, na kusa kore, na bayansa shuɗi-shuɗi, na can ƙarshe ya kusa narkewa cikin sama, saboda yawan iskar da ke tsakaninmu da su tana warwatsa haske. Muka yi ta ɗauka har batir ya fara ja, ga sanyi na ƙara zuƙe cajin. Muka koma mota da fitilar waya, muna ji da kanmu. Hotuna sama da 300 a tsakaninmu.

"Wannan ba nan ba ne"

Da daddare, da muka sami sabis, muka zaɓi guda goma mafi kyau muka tura wa Gwaggo ta WhatsApp, don ta nuna wa Kaka a babbar wayarta. Muka zauna muna jiran yabo. Yaya har ya fara tunanin abin da zai rubuta a ƙarƙashinsu a Facebook.

Waya ta yi ƙara. Baba ya sa ta a fili kowa ya ji.

"Inna, kun ga hotunan?"

"Na gani. Suna da kyau. Ina ne nan?"

Muka dubi juna. Baba ya ce, "Inna, kwarin ne ai. Daga kan dogon tudun nan na gabas."

Ta yi shiru, sannan ta ce, "Ni ban taɓa hawa tudun nan ba. Me zan je yi? Wa zai riƙe mini yara? Wannan ba nan ba ne. Ina dutsen da ke kama da turmi a kife? Ina inda ruwa ya rabu biyu? Ina kurmin da birai ke fitowa su sace mana masara?"

Babu wanda ya amsa. Ita ba ta kiran sunan Baba, kasancewarsa ɗan fari, sai ta ce da Gwaggo, "Ki ce wa wancan kada ya wahalar da yara. Su dawo haka nan, Allah Ya yi musu albarka."

Wannan albarkar ta fi faɗa ciwo. Mun hau tsauni, mun jira haske, mun bi duk ƙa'idojin da muka gano, mun ɗauko kwari mai kyau wanda kowane baƙo zai yaba. Amma kwarin baƙo muka ɗauko. Wanda ya hau sama ya leƙo, ya ce kai, ya juya. Ita kuwa shekara kusan ashirin ta yi a cikinsa, kuma daga ƙofar ɗaki take ganinsa, daga bakin murhu, daga bakin rafi da tulu a kai. Mun yi ta tambayar kanmu yaushe za a ɗauka da yadda za a ɗauka, ba mu taɓa tambayar daga ina ba.

Ga shi gobe Lahadi, dole mu sauka kafin azahar, domin ba a son dare ya riski mutum a hanyar, kuma ranar Litinin akwai lacca. Baba ya dubi agogo ya ce, "Wanda zai iya tashi ƙarfe huɗu ya kwanta yanzu."

Lahadi: daga ƙofar ɗaki

Duk mun tashi, har Auta. Mun yi asuba a inda mota ta ajiye mu, hannuwanmu na karkarwa. Wannan karon ba mu hau tudun ba, muka bi wata 'yar hanya da ta gangara. Gari na wayewa muka ga kwarin cike da farin hazo, kamar an zuba nono a akushi, kawunan tuddai kawai ke leƙowa. Da dare ƙasa kan saki zafinta, iska mai sanyi ta fi nauyi sai ta gangaro ta kwanta a ƙasan kwari, damshin da ke cikinta ya zama hazo. Irin hoton da masu ɗaukar hoto ke kwana a waje dominsa ke nan. Yaya ya tsaya, ya ɗauki biyu, ya sa wayar a aljihu da kansa. Muka nutsa cikin hazon.

A ƙasa muka yi sallama a gidan farko. Wani dattijo ya fito da bargo a kafaɗa. Baba ya gaishe shi da ɗan guntun Fulatancin da ya rage masa, domin shi ne harshen kasuwa da hanya a kan Mambila, sannan suka koma Hausa. Da Baba ya ambaci mahaifinsa, mai fata da gishiri, dattijon ya riƙe baki. Ya ce yana saurayi ya sha kai masa fatun awaki. Ya shiga ya sako takalmin roba ya ce mu biyo shi.

Dutsen muka fara gani. Turmi a kife, babu ko tantama, har da ɗan ƙugunsa. Auta ta yi ihu. Ƙasa da shi kaɗan rafi ya rabu biyu ya sake haɗewa. Dattijon ya tsaya a wani fili da ciyawa ta rufe, ya buga ƙafa ya ce, "Nan ne ɗakin. Ƙofarsa na duban ruwa." Babu bango, babu komai, sai wasu duwatsu uku baƙaƙe da suka nutse rabi a ƙasa. Mama ta durƙusa ta taɓa su ta ce, "Murhu ne."

Baba bai ce uffan ba. Ya zagaya bayan dutsen, inda dattijon ya nuna masa, ya tsuguna ya ɗaga hannu. Muka bar shi, muka yi namu daga nesa. 'Yan'uwansa biyu ne a wurin, waɗanda da sun rayu da yanzu muna kiransu Baffa ko Gwaggo.

Kurmi kuwa babu shi. Inda Kaka ta ce birai ke fitowa, yanzu layin itacen zaiti ne, wanda wasu ke kira turare, dogaye, a miƙe kamar sojoji. Baƙon itace ne, asalinsa daga Ostareliya, ya bazu a Mambila saboda yana saurin girma, yana ba da itacen girki da azarar gini a wurin da itace ke da wuya. Dattijon ya ce shi ma ya shuka, da shi ya yi rufin ɗakinsa, amma ya lura duk inda zaiti ya yi yawa a bakin ruwa, ruwan kan ja baya. Ya ce kurmin ya tafi a hankali: gatari kaɗan, wutar rani kaɗan, gona kaɗan, shanu kaɗan. Mutane sun ƙaru, dabbobi sun ƙaru, ƙasa kuwa ba ta ƙaru ba. Ya ce in muna son ganin yadda kurmin da yake, mu je Ngel Nyaki kusa da ƙauyen Yelwa, inda aka killace wani yanki na irin wannan daji, har yanzu da birai a ciki, masu bincike daga jami'o'i na zuwa nazarinsa. A gefen hagu kuma ga wani jan kwazazzabo da ruwa ya yaga a jikin gangare, inda kofato ya cinye ciyawa.

A nan gardama ta tashi. Yaya ya ce a karkata waya dama kaɗan, a fitar da kwazazzabon da zaitin, a bar dutse da ruwa. Ya ce tsohuwa ce, ganinta na ƙarshe ne, me ya sa za a ɓata mata rai? Mu biyun muka goyi bayansa. Hoto ai zaɓi ne, kowa na yanke abin da ba ya so. Mama ta ce a'a. Baba ya dawo yana share fuska, ya saurare mu, sannan ya ce, "Jiya kun kai mata wurin da ba ta sani ba. Yau kuma za ku kai mata wurin da babu shi? Ba yarinya ba ce. Ku ɗauko mata abin da ke nan."

Sai muka yi abin da ya kamata mu yi tun farko. Muka kira Gwaggo, da ƙyar sabis ya kama, muka ce ta tambayi Kaka inda take zama da safe. Amsa ta zo: a kan 'yar kujera, dama da murhu, tana fuskantar ruwa. Ɗayarmu ta tsuguna daidai wurin, ta riƙe waya a tsayin idon mace da ke zaune a kujerar tsuguno. Muka goge idon kyamarar da gefen mayafi, domin hazo ya sa ya yi gumi. Muka jira. Wajen ƙarfe bakwai da rabi rana ta leƙo ta kan dogon tudun jiya, hazon ya fara ɗagawa, haske ya sauka a kan dutsen. Duwatsun murhu a gaba, turmi a tsakiya, ruwa ya rabu biyu, zaiti a baya, jan kwazazzabo a hagu. Muka ɗauki guda biyar kacal.

Abin da ta gani

Mun iso Jalingo bayan isha'i, ƙafafu a kumbure. Washegari bayan lacca muka kai hoton shagon wanki, muka ce a fitar da shi babba, domin fuskar waya ta yi wa idonta ƙanƙanta. Muka fito da ita tsakar gida inda haske yake, muka ɗora mata a cinya.

Ta kawo shi kusa da fuska, ta karkata kai tana neman gefen da idon ke gani. Yatsanta ya yi ta yawo a kan takardar har ya tsaya a kan dutsen. Ta daɗe a nan.

"To," in ji ta. "Yanzu kun je."

Daga nan ta fara magana, kuma ba ta tsaya ba sai da aka kira magariba. Nan take shanya wanki. Nan kakanmu ya zame da buhun gishiri ya faɗa ruwa, gishirin ya narke, suka yi wata guda ba riba. Nan wata maƙwabciyarta Bamambila ta koya mata dafa gwaza, ita kuma ta koya mata ƙosai. Ta nan aka bi da yaran. Baba, wanda ya girme mu da shekara talatin da wani abu, yana zaune a ƙasa yana jin wasu labaran a karon farko.

Sai yatsan ya matsa baya. "Waɗannan sandunan fa? Ina kurmin?"

Muka faɗa mata gaskiya. Ta yi shiru. Yaya ya sunkuyar da kai, muna jiran abin da ya ji tsoro. Sai ta ce, "Har da mu a masu sararsa. Da me kuke tsammani na dafa wa ubanku tuwo?" Ta ɗan yi murmushi, ta ce, "Gara da kuka nuna mini. Da kun ɓoye, da na mutu ina yi wa birai addu'a a gidan da suka tashi."

Auta ta kawo biro, muka juya hoton, muka rubuta kwanan wata, da sunan kowane wuri kamar yadda Kaka ta faɗa, da wanda ya tsaya a ina. Yanzu yana rataye a ɗakinta, ƙasa-ƙasa, daidai inda hannunta ke kaiwa. Hotunan kan tudu kuwa Yaya ya sa su a Facebook, an kuma yaba sosai. Ba mu raina su ba, suna da kyau, kuma su ne suka sa abokanmu uku suka fara tara kuɗin mota.

'Yan'uwa ɗalibai, hutu na tafe, kuma kusan kowannenmu na da kyamara a aljihu wadda kakanninmu ba su taɓa mafarkinta ba. Ba sai an je Mambila ba. Kowane gida na da nasa kwarin: wata fadama, wani kufai, wata rijiya, wata kuka a bayan gari. Kafin ku tafi, ku zauna da tsohon da ke gidanku ku tambaye shi inda yake tsayawa, da abin da yake gani daga nan. Ku je da sassafe ko da yamma, ku goge idon kyamara, ku nemi izinin mutanen wurin, ku ɗauko har da abin da ya lalace. Ku wanke ko guda ɗaya ne, ku rubuta suna da kwanan wata a bayansa, domin waya na ɓata, tana faɗawa ruwa.

Mu dai mun yi alkawarin komawa a hutun ƙarshen zango, mu ga Ngel Nyaki. Kaka ta ce in mun je mu ɗauko mata biri ɗaya, ta ga ko jikan ɓarawon masararta ne. Allah Ya kai mu, Ya kuma bar mata sauran hasken har mu dawo.